Yadda Za Ku Gane ko Fim ɗin Soyayya da Barkwanci na Masoya Masu Al'adu Daban-daban Ya Dace da Yaranku

Akwai nau'in fim da yake shiga gida cikin sauƙi ba tare da an tsare shi da tambaya ba. Saurayi ɗan wata ƙasa ne, budurwa 'yar wata ƙasar, ko kuma ƙasarsu ɗaya amma yare da addini da tarbiyya sun raba su. Sun haɗu, sun yi saɓani, sun so juna, sai dangi suka shigo. Uwar yarinya ta ƙi, kakar yaro ba ta jin yaren surukarta, an yi kuskure wajen gaisuwa, an yi abin kunya gaban baƙi, daga ƙarshe aka ɗaura aure kowa yana rawa. Hoton tallansa launi ne kala-kala, kowa fuska a sake, babu bindiga babu jini. Shi ya sa iyaye da dama suke barinsa ya wuce, alhali da fim ɗin yaƙi ne da sun tsaya sun duba.

Yawancin waɗannan fina-finai manya da matasa aka yi wa su. Wasunsu sun dace da yara ƙwarai, har ma su nuna wa yaro cewa mutanen da ba su yi kama da shi ba su ma suna da iyaye masu damuwa da kakanni masu rigima. Wasu kuwa ba su dace ba, kuma ba kullum tsiraici ko ashar ne dalili ba. Alamar shekarun da ake liƙa wa fim tana lissafin sumba da zagi da giya, amma ba ta gaya muku wa ake yi wa dariya, ba ta kuma gaya muku abin da fim ɗin yake kira soyayya. Waɗannan biyun su ne suke zama a zuciyar yaro bayan an kashe talabijin, kuma a kansu zan fi tsayawa.

Mataki na ɗaya: a fara da yaron da zai kalla

Kafin ku nemi komai game da fim ɗin, ku tambayi kanku wa zai zauna gabansa. Ɗan shekara 6 da 'yar shekara 13 suna iya zama kujera ɗaya amma ba abu ɗaya suke gani ba. Ƙaramin yaro, musamman wanda bai kai shekara 7 ko 8 ba, galibi yana ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Gatse da habaici da shaguɓe, waɗanda su ne rabin barkwancin irin wannan fim, ba ya kama su sosai. In an nuna mutum mai wariya yana faɗin mummunar magana domin masu kallo su ga wautarsa, babba zai gane cewa shi ake yi wa ba'a. Ƙaramin kuwa maganar kawai zai ji, ya ga an yi dariya, ya ajiye ta a kansa.

Masu shekara 9 zuwa 12 sun fara gane habaici, kuma sun fara tambayar abin da ke tsakanin namiji da mace ko da ba su furta ba. Matasa kuwa ba fahimta ce matsalarsu ba, kwaikwayo ne: suna kallo ne suna auna yadda ake neman budurwa da yadda ake amsa wa saurayi.

Ku kuma duba halin da yaron yake ciki. Wanda iyayensa suka rabu ba da jimawa ba zai ji zafin wurin da uba ya kori 'yarsa fiye da sauran yara. Wanda ake tsokana a makaranta saboda launin fatarsa ko yadda yake furta kalmomi zai ji dariyar da ake yi wa mai karyayyen harshe a jikinsa. In yara da yawa za su kalla tare, da mafi ƙanƙanta ake yin awo.

Mataki na biyu: alamar shekaru, da ƙasar da ta bayar da ita

Kowace ƙasa da ma'auninta, kuma tunda fim ne da ya haɗa al'adu biyu, sau da yawa za ku tarar yana ɗauke da alamu da dama da ba su yi daidai da juna ba.

A Amurka, ƙungiyar masu shirya fina-finai ta MPA ce take bayar da alamar tun 1968, kuma iyaye ne ake sa wa su kalla su yanke. G na kowa ne. PG na nufin iyaye su duba. PG-13, wadda aka ƙirƙiro a 1984, gargaɗi ce mai ƙarfi cewa wani abu a ciki yana iya zama bai dace da wanda bai kai 13 ba. R na nufin wanda bai kai 17 ba sai tare da babba, NC-17 kuwa ta manya ce zalla. Mafi yawan fina-finan soyayya da barkwanci na Amurka a PG-13 ko R suke faɗawa. Ku lura da abu biyu a nan. Na farko, PG-13 faffaɗar alama ce: fim mai sumba ɗaya tak yana iya samunta, haka ma fim mai cike da zancen kwanciya da maye. Na biyu, tsohon fim da ya fito kafin 1984 yana iya ɗauke da PG alhali da yau aka yi shi da PG-13 zai samu, domin a lokacin babu wata alama tsakanin PG da R.

Fina-finan da aka yi domin talabijin ko manhajojin kallo kan zo da wasu alamun na daban da aka fara amfani da su a 1997: TV-G, TV-PG, TV-14 da TV-MA. Ta ƙarshen ta manya ce.

A Birtaniya hukumar tace fina-finai ta BBFC ce take bayar da alamar, wadda aka kafa a 1912. Alamunta su ne U, PG, 12A, 12, 15 da 18. Sun bayyana cewa U ya kamata ya dace da ɗan shekara 4 zuwa sama, PG kuma bai kamata ya tayar da hankalin ɗan shekara 8 ko fiye ba. 12A, wadda ta zo a 2002, ta sinima ce, kuma tana nufin wanda bai kai 12 ba sai da babba. A ganina alamun Birtaniya sun fi amfani ga iyaye a wannan nau'in fim, domin sun raba 12 da 15, wuraren da alamar Amurka take yawan cuɗa su.

A Indiya hukumar tace fina-finai ta CBFC tana da U (na kowa), UA (iyaye su duba), A (na manya) da S (na wasu ƙwararru kawai), kuma gyaran dokar da aka yi a 2023 ya kasa UA gida uku: 7+, 13+ da 16+. Jamus tana da 0, 6, 12, 16 da 18. Faransa tana da na kowa da kowa, sai 12, 16 da 18.

Amfanin sanin wannan shi ne, kowace hukuma tana auna abin da al'ummarta ta fi ƙyama. Amurka tana tsananta wa ashar da tsiraici, tana sassauta wa faɗa. Faransa da Jamus sun fi sassauci kan tsiraici da zancen jima'i, har fim ɗin da Amurka ta ba R yana iya zama na kowa da kowa a Faransa. Saboda haka in kun ga ƙaramar lamba a kan fim, ku fara tambayar wace ƙasa ce ta bayar. In alamun sun yi hannun riga, ku ɗauki mafi tsanani a matsayin mafari, sannan ku nemi dalilin saɓanin. Alamar shekaru kamar rubutun jikin kwalbar magani take: tana faɗin abin da ke ciki, amma ba ta san mai shan ba.

Mataki na uku: karanta dalilin alamar

Lamba kaɗai ba ta isa ba. Kusa da ita akan sami gajeren bayani, kamar "zancen batsa", "zagi", "shan ƙwaya". Wannan layin ya fi lambar amfani. Daga nan sai ku faɗaɗa bincike a wurare kaɗan da aka sani.

Shafin BBFC yana bayyana abin da ya sa aka ba fim alamarsa, har da batun wariya da kalaman ƙasƙanci. Common Sense Media, ƙungiyar da aka kafa a Amurka a 2003, tana ba da nata shekarun, tana rarrabe soyayya da jima'i, zagi, shaye-shaye, saƙon fim da yadda aka nuna al'ummomi daban-daban, kuma tana kawo ra'ayin iyaye daban da na yara. A shafin bayanan fina-finai na IMDb akwai sashen iyaye da ke jera wuraren tsiraici, tashin hankali, ashar, giya da taba, da abubuwan tsoro, tare da alamun ƙasashe da yawa a wuri guda. Masu kallo ne suke rubuta shi, don haka fim ɗin da bai shahara ba bayaninsa kan zama kaɗan, kuma rashin rubutu ba shaidar tsafta ba ce. Shafin Kids-in-Mind kuwa maki yake bayarwa daga 0 zuwa 10 a fannoni uku, wato tsiraici, tashin hankali da ashar, sannan ya zayyano kowane wuri dalla-dalla.

Yawancin waɗannan da Turanci suke, amma manhajar fassara tana isar da ma'anar daidai gwargwado. Kada ku tsaya a makin. Ku karanta bayanin wuraren, domin abin da marubucin ya kira "kaɗan" yana iya zama da yawa a gidanku.

Taba da giya ma kada a raina su. A fina-finan soyayya kusan kowace haɗuwa da kowane baƙin ciki da kofin giya a hannu ake yinsu, kuma maye abin dariya ne a cikinsu. A 2012 rahoton babban jami'in lafiya na Amurka ya tabbatar da cewa ganin ana shan taba a fim yana cikin abubuwan da ke jawo matasa su fara sha. Wanda yake shan ne abin dubawa: in jarumin da yaro yake ƙauna ne, tasirin ya fi.

Tallan fim kuwa kada ku dogara da shi. An yanka shi ne domin ya jawo kowa.

Mataki na huɗu: wane kwafi ne a hannunku

Fim ɗaya yakan fito iri-iri: na sinima, na talabijin da aka rage, na jirgin sama, da wanda aka ƙara wa wuraren da aka cire ba tare da an sake tace shi ba. Ku gwada tsawon mintunan kwafinku da wanda aka rubuta a shafin da kuka karanta. In naku ya fi tsawo, akwai abin da bayanin bai ƙunsa ba.

Sannan batun harshe. A irin wannan fim ana magana da yare biyu ko uku, kuma zagin da aka yi da yare na biyu wani lokaci ba a fassara shi a rubutun ƙasan allo, ko a tausasa shi. In yaranku suna jin wannan yaren, za su ji abin da mai bita bai ji ba. Akasin haka ma yana faruwa: kwafin da aka ɗora wa wata murya ta fassara yakan zo da barkwancin da mai fassarar ya ƙara daga kansa, wani ya fi na asali tsafta, wani ya fi shi ƙazanta. Waƙoƙin cikin fim ma haka, domin yaro yana haddace waƙa tun kafin ya san ma'anarta.

Mataki na biyar: ku kalla da kanku

Gani ya kori ji. In da hali ku kalli fim ɗin gaba ɗaya kafin yara, galibi awa ɗaya da rabi ne zuwa biyu, na Indiya kuma sukan fi haka tsawo. In lokaci ya yi ƙaranci, tsarin waɗannan fina-finai sananne ne, don haka ana iya sanin inda za a leƙa.

Ku kalli minti 15 na farko a natse, domin a nan ake gabatar da abokan jarumai, kuma bakin abokin nan mai surutu ne yawancin zancen batsa yake fitowa. Ku leƙa tsakiyar fim, inda masoyan suke fara kaɗaicewa. Ku duba duk wani shagalin da ake yi kafin aure, na abokan ango ko na ƙawayen amarya, domin a fina-finan Turai da Amurka a nan maye da rawar tsiraici suka fi zuwa. Ku duba wurin da suka ɓata, kusan kashi uku cikin huɗu na tafiyar fim, inda ake faɗa wa juna maganganu masu zafi game da asali da dangi. Sai minti 10 na ƙarshe, har da abin da ake nunawa lokacin da sunaye suke wucewa. Ku riƙa rubuta mintin duk wurin da ya tsaya muku a rai.

Mataki na shida: wa ake yi wa dariya

Wannan shi ne matakin da babu hukumar da za ta yi muku shi, kuma shi ya bambanta fim ɗin al'adu biyu da sauran fina-finan soyayya.

Dariya iri biyu ce a nan. Akwai wadda take fitowa daga rashin fahimta: mutum ya shiga gidan da bai san ƙa'idarsa ba, ya miƙa hannu inda ake rusunawa, ya faɗi kalma da nufin yabo ta zama wani abu daban, ya ji kunya, aka gyara masa, ya koya. Wannan dariya mai kyau ce, domin mai kallo yana tare da wanda ya yi kuskuren, yana jin da shi ne haka zai yi. Yaro yana fita daga ciki da sanin cewa kowa baƙo ne a wani wuri. Akwai kuma wadda take fitowa daga kasancewar mutanen abin da suke: ana dariya ne kawai don haka suke magana, haka suke sutura, haka suke ibada, haka kamanninsu suke. Ba su yi kuskuren komai ba, su kansu ne abin dariyar. Wannan ita ce nake ƙi wa yara, ko da fim ɗin babu sumba ko ɗaya.

Ga yadda ake rarrabe su. Ku duba ko dangin ɓangarorin biyu suna da suna da hali da dalili, ko kuwa ɓangare ɗaya mutane ne, ɗayan kuma taron hayaniya. In uwar da take adawa da auren an ba ta wuri ɗaya ko da na minti biyu ne ta faɗi abin da take tsoro, wato kada 'yarta ta yi nisa, kada jikoki su rasa yarenta, kada a raina ta a gidan miji, to fim ɗin yana mutunta ta. In kuwa daga farko har ƙarshe ihu kawai take yi, an mayar da ita dodo.

Ku duba ko ba'ar tana zagayawa. Fim mai adalci yana taɓa kowa, kuma yana taɓa mai ƙarfi fiye da mai rauni. In kullum talaka ne, ko baƙon haure, ko mai duhun fata, ko ɗan ƙauye ake yi wa, ɗayan ɓangaren kuma shi ne ma'aunin wayewa, yaro zai koyi wannan jerin darajar ba tare da an furta masa ba.

Ku saurari karin harshe. In duk lokacin da wani ya buɗe baki da karyayyen yare sai an sa kiɗan ban dariya, saƙon shi ne mai jin yare biyu wawa ne, alhali shi ya fi mai jin ɗaya ƙoƙari. Yara kuwa babu abin da suka fi saurin kwaikwaya kamar murya, kuma washegari a kan wani ɗan ajinsu za su gwada ta. Tsofaffin fina-finai sun fi yawan wannan, har da ɗaukar ɗan wasa a shafa masa launi ko a sauya masa kamanni domin ya fito a matsayin wata ƙabila.

Ku duba yadda aka taɓa addini. Ana iya yin raha da halin mabiya, da tsegumin da ake yi bayan an tashi daga wurin ibada, ba tare da an wulaƙanta abin da suke bautawa ba. In an mayar da salla ko addu'a ko littafi mai tsarki na kowane addini abin wasa, ko da ba naku ba ne, ku tuna cewa yaron da ya saba dariya ga ibadar wasu yana koyon cewa ibada abin dariya ce.

Sai ƙarshen labarin, wanda a wurina shi ne babban ma'auni: wa ya sauya? In kowane ɓangare ya matso, kowa ya koyi wani abu, ya kuma riƙe wani abu nasa, wannan labari ne da zan so yaro ya gani. In kuwa farin cikin ya samu ne bayan ɗaya ya yar da sunansa da yarensa da danginsa ya koma kamar ɗayan, fim ɗin yana cewa wata al'ada cuta ce, wata kuma magani. Yaran da suka tashi tsakanin al'adu biyu su ne wannan saƙon ya fi yi wa illa, domin rabin jikinsu ake ce musu su jefar.

Akwai gwaji mai sauƙi da yake taimakawa: ku ɗauka mutanen da ake yi wa dariyar naku ne, kuma wani daga waje ne ya shirya fim ɗin. Za ku yi dariya tare da su, ko ranku zai ɓaci? Haka nan ku nemi abin da masu sharhi 'yan wannan al'ummar suka rubuta, ku kuma duba ko marubucin ko daraktan daga cikinta ya fito. Ba tabbaci ba ne, don ɗan gida ma yakan sayar da gidansu da arha, amma galibi wanda ya san mutane daga ciki barkwancinsa yakan zo da ƙauna.

Mataki na bakwai: me fim ɗin yake kira soyayya

Wasu ɗabi'u sun zama ruwan dare a wannan nau'in har ba a ganinsu. Yarinya ta ce a'a, saurayi ya ci gaba da binta gida da wurin aiki, yana tare ta a hanya, daga ƙarshe ta amince, aka kira wannan naci na ƙauna. Ɗa namiji da ya kalli haka sau goma zai ɗauka "a'a" farkon ciniki ne, 'ya mace kuma ta ɗauka wanda ya ƙi rabuwa da ita shi ne mai sonta da gaske. Haka kishin da ya kai ga bincike a wayar wani, ko hana shi abokai, ko mari da aka yi wa kiɗa mai daɗi. Haka yarinyar da ba a ga kyanta ba sai da ta rame, ko ta yi haske, ko ta sauya suturarta ta gado.

Sai ƙarya. Kusan duk labarin irin wannan a kanta yake tsaye: an ɓoye wa iyaye saurayi, an ƙirƙiro baiko na bogi, an yi ƙaryar asali ko arziki. Kasancewar ƙarya a labari ba matsala ba ce, labarai da yawa na tarbiyya da ita suke farawa. Abin dubawa shi ne ko ta jawo wa mai ita asara, ko an nuna zafin wanda aka yaudara, ko an nemi gafara da gaske. In ƙaryar ce ta kai su ga nasara kuma kowa ya tafa, to darasin ke nan.

Game da iyaye kuma, ina ganin kuskure ne a ƙi fim don kawai 'ya'ya sun saɓa wa iyayensu a ciki. Saɓani yana faruwa a kowane gida, kuma fim ɗin da ya nuna yadda ake saɓawa cikin ladabi, a yi bayani, a saurara, a sasanta, yana da amfani ga matashi. Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai nuna cewa duk babba jahili ne, kuma hanyar farin ciki ita ce a rufe masa ido.

Abin da ya shafi kusantar jiki kuwa, kowane gida ya san iyakarsa, kuma babu wanda zai gindaya muku ita daga waje. Ku dai tantance ta tun kafin ku fara kallo, domin in labari ya yi daɗi mutum yakan sassauta abin da bai yi niyya ba. Ku kuma tuna cewa abin da aka faɗa da baki ko aka nuna da ishara, kamar wayewar gari a ɗaki ɗaya, yaro ɗan shekara 10 yana gane shi sarai.

Mataki na takwas: yanke hukunci da zaman kallo

Bayan wannan duka, hukuncin ba lallai ya zama "e" ko "a'a" kawai ba. Wani fim yara za su iya kallonsa su kaɗai. Wani sai da babba a kusa. Wani sai an tsallake wuri ɗaya ko biyu, kuma a nan mintunan da kuka rubuta za su yi aiki. Amma in wuraren tsallakewa sun wuce uku ko huɗu, ko kuma matsalar tana cikin ginin labarin ne, kamar raina wata al'umma, tsallakewa ba za ta gyara ba. Wani kuma na "ba yanzu ba" ne. Ku faɗa wa yaro haka kai tsaye tare da dalili a taƙaice: "Wannan na manya ne, akwai maganganun da ba su dace da kai ba tukuna, zo mu zaɓi wani." Hani marar dalili kwaɗayi yake ƙarawa.

In kun zauna tare, kada ku mayar da kallon aji. Tambaya ɗaya ko biyu a wurin da ya dace sun isa. In yarinya ta ce, "Mama, me ya sa ta ɓoye wa babanta?", ana iya mayar mata da tambayar: "Ke me kike gani take tsoro? Da ke ce, wa za ki fara gaya wa?" In yaro ya fashe da dariya kan yadda wani yake magana, uba yana iya cewa, "Ka san yarensa nawa? Kai in aka kai ka garinsu, yaya naka zai fita?" In wani abu ya ɓullo da ba ku zata ba, kada ku firgita ku fizge rimot, domin firgitar ce take sa wurin ya manne a ƙwaƙwalwa. Ku wuce shi a natse, ku ce wannan ba namu ba ne, in an gama kuma ku ba da dama a yi tambaya.

Yana da kyau a gaya wa yara cewa iyali ɗaya aka nuna, kuma an ƙara gishiri domin a yi dariya. Mutanen ƙasa guda ba su taru sun zama hali ɗaya ba. In sun nuna sha'awa, ku duba taswira tare, ku nemi yadda ake gaisuwa da wannan yaren.

Kada ku manta da manhajar kanta. Netflix da makamantanta suna da sashen yara, da wurin ƙayyade shekaru, da lambar sirri ta kulle sashen manya, a Netflix har ana iya toshe wani fim da sunansa. Ku kashe tsarin da yake kunna wani abu da kansa bayan an gama, domin fim ɗin da manhaja za ta kawo a gaba kama da wannan zai yi a hoto, amma ba ku tace shi ba. In yayye ne suke riƙe da rimot, ku sanar da su hukuncin da dalilinsa.

Sai ku saurari wasan yaran na kwana biyu ko uku bayan kallon. In kun ji suna gwada gaisuwar da suka koya ko suna tambayar inda ƙasar take, zaɓin ya yi. In kuwa muryar wani suke kwaikwaya suna ƙyalƙyala dariya, ko wata kalma ta shigo bakinsu da ba ta gidan ba ce, ku zaunar da su ku yi maganar a ranar, sannan ku ƙara tsananta awo a fim na gaba.